Igiyar Motar Hatsi a Wuyan Hannuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ne Bitrus, mai kai burodi garin Turba bisa keke. Ku yi haƙuri in maganata ta hau juna, har yau kaina bai gama komawa daidai ba.

Ina da wani mugun hali, shekara da shekaru. In babbar mota ta rage gudu wurin ramu, sai in kama bayanta ta ja ni, in huta da taka feda. Matata Rahila ta yi faɗa har ta gaji. Ni ko sai in ce, "Ke dai, ƙafa ma tana son hutu."

Ran nan na fito daga garin Isa, sai ga motar hatsi shaƙe da buhuna, 'yan kasuwa zaune bisa kaya. Na kama igiyar tamfol da ke lilo a baya. Da hannuna ya gaji, sai na naɗe ta ga wuyan hannu, har sau biyu. Mi ya kai ni? Oho!

Hanya ta yi kyau, direba ya taka wuta. Igiya ta shaƙe. Na ja, ta ƙara ɗamewa. Keke na rawa, tayar mota na juyawa dab da gwiwata. Na yi ihu, ƙarar inji ta haɗiye shi. Kuma kun san hanyarmu yanzu da 'yan bindiga, ba direban da ke tsayawa cikin daji don ya ji ihu.

Na ce bari in yi addu'a. Jama'a, kaina fayau! Addu'ar Ubangiji da na haddace tun tuni ta ɓace. Abin da ya fito bakina shi ne, "Uba, ka albarkaci abincin nan da za mu ci." Addu'ar cin tuwo! Ita na yi ta maimaitawa ina kuka.

Sai wani tsoho ɗan kasuwa can bisa ya leƙo zai tofar da goro. Munka haɗa ido. Ya kwarma salati, sunka shiga dukan kan mota. Direba ya rage gudu sannu sannu, ya tsaya nan tsakar daji.

Tsohon ya yanke igiya da wuƙarshi. Direba ya sauko, ya zabga mini mari, sannan ya rungume ni. Ban san ko haƙuri za ni ba shi ko godiya ba.

Na tambayi fasto, wai addu'ar tuwo tana ceton rai? Ya ce Allah zuciya yake dubawa. To, ni dai ban gama ganewa ba.

Masu keke da babur, don Allah ku bar babbar mota ta wuce abinta, direba ba ya ganinku. In kuwa kun shiga uku, ku kira Yesu da duk abin da ya zo bakinku, shina ji.

Ga hannun, ku gani. Yatsu biyu sun daina motsi, uku na aiki. Su za ni ɗaga in gode mishi. Haleluya!