Kwano Biyu na Ƙasar Gonarmu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Nasiru daga Gwiwa, bana na gama jami'a.

Ranar Talata, ƙarfe tara da kwata na safe, na raka ƙanwata Hadiza filin jirgi. Za ta gasar fasahar matasa a ƙetare da na'urar da ta haɗa, mai gaya wa manomi ko damshi ya isa shuka. Da ƙasar gonarmu kaɗai ta saita ta, shi ya sa Baba ya cika mata kwano biyu.

Mai binciken kaya ya buɗe, ya ce, "Malama, noma za ki yi a jirgi? Wannan ba ya tsallake iyaka."

Ta ce, "Yallaɓai, na'urar ba ta san wata gona ba sai tamu."

Ya ce doka ce. Ta tafi, na dawo da kwanukan.

Jibi za ta tsaya gaban alƙalai. Ban sani ba ko ƙasar can mai rairayi ce irin tamu, ko za a ba ta lokacin sake saiti, ko za su karɓi bidiyon gwajinta na gida. Wanda ya san irin wannan gasa, ya taimake mu da shawara.

Baba dai ya hana a juye kwanukan sai ta dawo.