Lallen Salamatu Ba Ya Hawa Rufin Mota

A cikin bas mai zuwa unguwar Chagoua na ji wannan, kuma kunnen nan nawa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wani tsoho ya aza bokitin shuka a kujerar gefensa, wata mai sayar da kifi tana tsaye a ƙofa.

"Baba, a kai bokitin nan rufin mota in zauna."

"A cikin ranar nan? Reshen lalle ne, bai yi saiwa ba. Ba ya hawa."

"Ƙasar Chagoua laka ce, ko ka kai shi mutuwa zai yi."

"Da ƙasarsa na taho, ta gidana na unguwar Bololo, haɗe da kashin awaki. Yarinya, yaƙi nawa aka yi a garin nan ban tsallaka kogi na gudu Kusseri ba? Ke ce za ki tashe mu?"

"To me ya fito da jarumi daga Bololo?"

"'Ya'yana sun sayar da gidan, an sare lallen. Da reshen nan kaɗai na tsira."

"Ai ga ganyensa ya yi yaushi."

"Rashin waƙa ne! Matata Salamatu tana daka tana yi masa waƙa har ya wuce katanga. Tun da ta rasu nake gwadawa, amma muryata sai ki ce ƙofar kwano. Ba dai zai riga ni mutuwa ba. Na hana shi!"

Matar ta ɗauki bokitin, ta zauna, ta aza shi a cinya.

"Kalas, shi ke nan, Baba. Wace waƙa ce?"

"Ta daka. Ki ɗaga murya, kar ki yi masa rowa."