Tuta da ƙafar wando

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni tela ne ɗan Kano, ina ɗinki a Al Karama, nan Dubai.

Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren, Turawan garin nan tururuwa suka riƙa yi zuwa shagonmu, kowa a ɗinka masa tuta mai shuɗi da rawaya. Yau ragowar yadin, aljihu nake yi da shi, babu mai tambaya.

Makon jiya wata 'yar Yukren mai gyaran gashi a layinmu ta kawo wanduna uku na ƙanenta soja. Ta ce, "Ka yanke ƙafar hagu daga gwiwa, ka rufe bakin." Ashe ƙanen yana cikin ramin yaƙi ne yana jiran makaman da manyan ƙasashe suka yi alkawari, bam ya riga su isowa.

Haka na ɗauki almakashi na yanke. Malam, ka tambayar mini masana, wannan "muna tare da ku" da ake ta faɗa, har zuwa ina ne?

Ina gaida telolin Kano. Duk wanda aka kawo wa ɗinkin tuta, kada ya ajiye almakashi, wandon yana tafe.