Ranar da Muka Jira Uwar Awo Ta Ce A Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, Allah Ya ƙara girma. Malam Liman, Allah Ya gafarta malam. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Likita da sauran ma'aikatan wannan ƙaramin asibiti, sannunku da haƙuri. Inna, mahaifiyar marigayiya, Hajiya, surukarta, Malam Kafinta, mijinta, tare da yaran da ta bari, Auta, ƙanwarta, iyayena mata da kuka cika bencinan nan har wasu na zaune a ƙasa, ina gaishe ku gaisuwar rashi. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni ce shugabar makarantar firamaren da ke bayan katangar nan, kuma ni kwamitin asibiti ya ɗora wa magana a madadin unguwa. Na so in ƙi, don kun san bakina ba ya iya zagaye. Suka ce don haka ma aka zaɓe ni. To, duk wanda maganata ta yi wa zafi, ya yafe mini tun yanzu.

Mun taru ne don ungozomarmu, wadda babu mai kiran sunanta na yanka, kowa Uwar Awo yake ce mata. Ta rasu bayan ta haifi 'ya mace lafiyayya a ɗakinta. Tun daga ranar unguwa ta rabu biyu. Wasu na cewa haihuwar gida ce ta kashe ta. Wasu na cewa tun da ita kanta mai aikin ba ta tsira ba, to awo da asibiti duk wahalar banza ce. Ana cikin wannan ja-in-ja bencinan awo suka koma wayam, kuma cikin waɗanda suka daina zuwa har da Auta, wadda ke zaune can kusa da Inna da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ba ta zo awo ba tun rasuwar yayarta, kuma har yanzu ba wanda ya san inda za ta haihu. Saboda ita na yarda na tsaya a nan.

Uwar Awo ta kasance mace mai taurin kai, kada mu yi mata ƙarya don ta mutu. Akwai mahauci a cikinmu, ga shi can yana sunkuyar da kai. Matarsa ta kumbura har zoben hannunta ya ƙi fita, Uwar Awo ta ce asibiti za ta haihu, shi kuma ya ce uwarsa a ɗaki ta haife shi, ga shi nan garau. Ba ta yi musu da shi ba. Washegari ta je kasuwa da farar rigarta, ta ja bencinsa ta zauna, ta karɓi maficin korar ƙuda. Duk wanda ya zo sayen nama sai ta gaishe shi ta ce, “Ka taya ni roƙon bawan Allahn nan, matarsa nake so ya ara mini.” Kafin la'asar ya gaji, ya ce, “Anti, don girman Allah tashi, ki ɗauke ta, ki haɗa da ni ma in kina so.” Tagwayen da aka ciro ranar suna aji huɗu a makarantata, kuma su ne suka fi kowa surutu.

Ta kasance ba ta ƙin haihuwar gida, wannan kuma shi ne abin da masu gardama suke mantawa. Ta san abin da ke hana mata zuwa asibiti: kunya, da tsawar da wasu suka taɓa sha a hannun ma'aikata, da rashin wanda za a bar wa yara. Idan ciki ya tsufa takan zo gida da kanta, ta zauna a bakin gado, ta auna, ta duba idon mace da ƙafarta, ta tambayi yadda haihuwar baya ta kasance. Takan ce wa wata, “Ke zauna ɗakinki, in ya motsa a kira ni.” Ta ce wa wata kuma, “Ke kam ko kuka za ki yi, a gadon asibiti za ki yi shi.” Ba ta taɓa yanke wa mata biyu hukunci ɗaya don gidansu ɗaya ba.

Ta kasance, ko a gida za a haihu, ba ta yarda a fara sai mota tana ƙofa. Dogo direba shaida ne, sau nawa ya bar lodi a tasha ya zo ya yi fakin a lungu yana jira. Kuma akwai maganar da ta yi ta nanatawa har yaranmu suka haddace: mace in jini ya ɓalle mata, ba a neman shawararta. Takan ce jini in ya zuba, hankali yake fara tafiya da shi, mace za ta ce maka lafiyarta ƙalau alhali tana kan hanya. A irin wannan lokaci ita ce take miƙewa ta ce, “A tashi, a tafi.” Miji ya yi shiru, suruka ta yi shiru, a ɗauki mace a sa a mota. Shekara da shekaru, a duk ɗakin da aka shiga wannan hali a unguwar nan, daga bakinta kaɗai kalmar take fita. Muka saba, muka sakar mata, har muka manta cewa mu ma muna da baki.

Yanzu zan faɗi yadda abin ya faru, da izinin Inna da Malam Kafinta, don a daina ƙari da ragi a bakin famfo.

Cikin nan shi ne na uku, biyun farko kuma ta haife su cikin sauƙi. An auna ta, likita ya duba ta, ba a ga abin tsoro ba. Ta zaɓi ɗakinta, kamar yadda da za ta zaɓa wa kowace mace mai irin lafiyarta. Ta shirya komai. Ƙaramar nas da take koyarwa ta zo da kayan aiki, Dogo ya ajiye mota a ƙofar gida, Malam Kafinta ya rufe shago ya zauna a tsakar gida. Da hantsi ta haihu, mabiyiya ta fita, aka yi hamdala. Sai waya ta shigo cewa an kawo wata mai naƙuda asibiti, babu kowa a kanta. Ƙaramar nas ta yi turus, ba ta son tafiya. Uwar Awo ta ce mata, “Me kike jira? Wancan cikin fari ne. Ni na san jikina, tafi.” Yarinya ta bi umarnin wadda ta koya mata aiki. Kowa a cikinmu abin da zai yi ke nan.

Bayan azahar jini ya dawo. A ɗakin akwai Inna, da Hajiya, da maƙwabta biyu. Uwar Awo ta ce su murza mata mara, ta nuna musu wurin da hannunta, suka murza. Ya lafa, ya sake ɓallewa. Aka canja zane, aka sake canjawa. Malam Kafinta ya ga ana fita da zannuwa, ya matso bakin ƙofa ya ce, “Inna, a tafi ne?” Inna ta juya ta tambaye ta. Uwar Awo ta ce, “A dakata, zai tsaya.” Dogo ya tayar da mota, ya kashe. Malam Kafinta ya sake tambaya, aka sake tambayarta, ta ce ƙishirwa kawai take ji, a ba ta ruwa. Da ta yi shiru ta lumshe ido, Hajiya ta ce a rage magana, ta samu barci.

Lokacin da Inna ta taɓa tafin ƙafarta ta ji sanyi, ta yi ihu, aka ɗauke ta a guje. Ba ta kai babban asibiti da rai ba.

Jama'a, mota tana ƙofa. Direba yana ciki. Miji yana tsaye da takalmi a ƙafa. Hanya a buɗe, rana ba ta faɗi ba. Babu abin da aka rasa a gidan nan sai mutum ɗaya da zai ce a tashi, don mai faɗin haka ita ce a kwance. Duk waɗanda ke ɗakin sun san dokarta, da wata ce a kan katifar da tuni sun sungume ta. Amma wa zai ce wa Uwar Awo ba ta san abin da take faɗa ba a kan jini?

Mun san kwana ne ya ƙare, ba ma jayayya da hukuncin Allah. Sai dai Allah bai hana mu duba inda muka yi sake ba.

Inna, ki daina cewa ke kika kashe 'yarki. Na ji kin faɗa, kuma ban yarda ba. Kin tambayi wadda duk garin nan ke tambaya. Hajiya, ke ma haka. Malam Kafinta, an ce ka daina buɗe shago, kana zama a bakin ƙofar ɗakin nan har rana ta faɗi. Ka tambaya sau biyu, ɗan'uwana, da yawa ko sau ɗaya ba sa tambaya. Ka tashi ka riƙe yaranka, su ma uwa suka rasa. Ke kuma ƙaramar nas, na ga kin ɓuya a bayan ƙofar ɗakin allura. Fito. Matar da kika je wa ranar ga ta nan da ɗanta a baya. Masu jifanki da magana a hanya su zo su faɗa a gabana.

Masu cewa gida ne ya kashe ta, ku sani ta karɓi ɗaruruwan yara a ɗakunan iyayensu lafiya lau. Amma kada wanda ya fita daga nan ya ce na ce gida da asibiti ɗaya ne. Da a gadon asibiti jinin ya same ta, akwai allura a kusa, akwai ƙarin ruwa, akwai wanda aikinsa ne ya ƙi sauraronta. Duk macen da za ta zauna ɗakinta, sai wadda aka auna aka ce ta zauna, da mai aiki a kanta wadda ba za ta gusa ba har jiki ya natsu, da mutum ɗaya da aka ambata tun kafin naƙuda, wanda in ya ce a tafi babu mai musa masa, ko da mai jegon ce da kanta. Masu cewa awo banza ne kuwa, ba ni da abin ce muku illa ku ji tsoron Allah a kan matanku.

Auta, yanzu ke. Jiya na same ki a gida na tambaye ki dalili. Kika ce, “Malama, in na shiga ɗakin awo kujerarta zan gani da wata a kai. In na zauna a gida kuma ɗakinta nake gani. Ni ban san inda zan kai kaina ba.” Ga amsar yau a gaban mijinki da mahaifiyarki. Ba zan zaɓa miki wurin haihuwa ba, ba aikina ba ne, sai an duba ki. Amma na ga ƙafafunki, kuma ban ji daɗin yadda na gan su ba. Likita ya ce ba zai tafi ba sai ya auna ki, ya kuma sa an kai kayan awon ofishinsa don kada ki shiga wancan ɗakin. Ba gobe ba, yanzu, kafin a naɗe tabarmin nan. Inna ta binne 'ya ɗaya a shekarar nan, ke kaɗai kika rage mata.

Muna godiya ga shugaban taro, da malamanmu, da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo. Muna godiya ga matan da ke karɓa-karɓa wajen shayar da jaririyar da aka bari.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sanya kowane yaro da ta karɓa a mizaninta. Ka haskaka kabarinta. Ka raya marayunta, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da mijinta. Ka sauki duk mai ciki lafiya, a inda ya fi mata alheri. Amin.

Malam Liman zai rufe mana da addu'a. Amma Allah Ya gafarta malam, a ɗan dakata mana tukuna. Inna, kama wa Auta hannu, ita kaɗai ba za ta iya miƙewa ba.