Gaisuwa Ta Cinye Mini Lokacin Gasa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Hammadu daga Mugulbu a Mubi.

Ina haɗa abincin shanu da harawa da dusa, in matse shi kamar bulo, saboda masu lodin shanu zuwa Kudu. Kwanan baya na shiga gasar masu sabuwar sana'a, wadda ake ba wanda ya ci jari da horo. Aka ce kowa zai yi bayani cikin 'yan mintoci.

Da aka kira ni, na ga cikin alƙalan har da sa'an babana. Na rusuna na gaishe su ɗaya bayan ɗaya: ya hanya, ya iyali? Dattijon har ya tambaye ni damina. Ina ɗaga bulon, mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa: "Malam, lokacinka ya ƙare."

Ko sunan kayana ban faɗa ba! Wanda ya ci kuwa, ko sallama bai yi ba.

Don Allah masu sauraro da suka san harkar nan, ku wayar mini da kai, domin baɗi zan koma. Yaya mutum zai nemi jari wurin wanda bai gaisar ba?