Saura Sa Hannu Tara

A bencin tashar mota, wata mata ta miƙa wa dattijon da ke gefenta takarda da biro.

"Baba, a taimaka da sa hannu. Malamin lissafin nan ne ke neman gwamna a ƙaramar jam'iyya. Saura mutum tara a sa sunansa a takardar ƙuri'a, yau kuma ake rufewa."

"Na san shi. Shekara goma sha ɗaya muna koyarwa a makaranta ɗaya. Ko taron iyayen yara ba ya iya riƙewa."

"To ga shi yana tara jama'a. Cewa yake a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa, a manna sakamako a bango kafin akwati ya motsa."

"Cewa yake! 'Yata, a bakina ya ji wannan, muna shan shayi. Ni jam'iyyar ta fara nema."

"Ikon Allah! Me ya hana ka?"

"Saura shekara biyu in yi ritaya. Wa zai ajiye aiki don jam'iyyar da ofishinta shago ɗaya ne?"

"Shi ya ajiye."

Dattijon ya karɓi biron.

"Kawo in sa masa. Ai ba ci zai yi ba."

"Haba Baba! Jiya filin ƙwallo bai ɗauki mutanensa ba. Wallahi yana iya ci."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya rufe biron, ya mayar mata.

"Nemi taranki a gaba."