Satin Musbahu

Ni da na tsallake yunwa uku da ƙafafuna, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. A tashar Dogon Dutsi, muna jiran motar Tibiri, na ji wani dattijo ya tanka wa wata malamar lakwal, wato makarantar boko, mai kallon fim a waya.

"Ɗiyata, wanga jirgin gwangwani mai tartsatsi na san shi! Masu zuwa duniyar wata ne."

"Tsohon fim ne, Baba. Dariya yake ba mu, har zaren da aka rataye jirgin ana gani."

"Mu ba mu ga zare ba. A Yamai, reshen icce guda ne ke hango cikin sinima, mutum ɗaya yake ɗauka. Fim ɗin kashi-kashi ake nuna shi, ni da ƙanena Musbahu sati-sati muke hawa, wanda ya kalla ya sauko ya ba ɗan'uwansa labari. Ni na baro jarumin cikin ramin wuta."

"To ga kashi na ƙarshe, mu ga ko ya fita."

"A'a, Musbahu ya gani. Ya ce in ya dawo daga cirani zai faɗa mini."

"Yaushe ya tafi?"

"Bana shekara hamsin da biyu."

"Baba, minti goma ne kawai."

"Rufe, ɗiyata. Ba satina ba ne."